Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Matan Gidansa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Turai ya san labarin Sarkin Ingila Henri na Takwas, wanda ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1547. Galibi abin da yake zama wa ɗalibai a ka shi ne matansa shida, da yadda ya sa aka fille wa biyu daga cikinsu kai. Amma in aka tambayi ɗalibin nan wa yake sarautar Kano a shekarar da aka haifi Henri, wato 1491, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya. Alhali kuwa mu nan Gazara, da 'yan'uwanmu na Maƙarfi da Ikara da Kudan, kusa da iyakar Kano muke zaune, rakenmu da hatsinmu ba su daina zuwa kasuwanninta ba. Sarkin da ake tambaya shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya riƙe Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ma kamar Henri, ba a iya fahimtar mulkinsa sai an leƙa cikin gidansa.

Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, aka tattara shi daga tsofaffin labarai da kirarin fada. Wani Baturen mulki, H. R. Palmer, ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya kuma Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ce Rumfa ya yi shekara 37 a kan gado. Ɗalibi mai lura zai ce daga 1463 zuwa 1499 ai shekara 36 ne. Duka biyun daidai ne, domin marubucin da shekarar wata ya yi lissafi, ita kuwa ta gaza shekarar rana da kwana goma sha ɗaya.

Rumfa shi ne sarki na ashirin a jerin sarakunan Kano, ɗan Sarki Yakubu. Ya gaji gari mai tasowa. Tun zamanin kakansa Abdullahi Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. A zamanin mahaifinsa kuma gishirin Azbin ya wadata a ƙasar Hausa, Barebari da Larabawa suka yi ta shigowa, malaman Fulani suka zo daga Mali da littattafai. Wato dukiya tana shigowa, baƙi suna ƙaruwa, amma fada tana nan irin ta da, sarki yana kewaye da manyan masu sarauta waɗanda kowannensu yake da dawakinsa da mutanensa. Aikin da Rumfa ya sa a gaba shi ne ya ɗaga sarki sama da waɗannan manya, yadda ba wanda zai haɗa kafaɗa da shi.

Littafin ya lissafa sababbin abubuwa goma sha biyu da ya ƙago. Ya faɗaɗa ganuwar birni. Ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda har yau take ci. Shi ya fara sa a busa masa kakaki, a yi masa fifita da figini, ya kuma sa takalman gashin jimina. A zamaninsa aka fara fita sallar Idi a Kano. Ya kafa majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, ta manyan masu sarauta tara. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina ba wanda ya ci wani, a wannan yaƙi ne kuma ya fito da dawakin zage. Amma babban aikinsa shi ne fadar da ya gina, wadda ake kira Gidan Rumfa. Darajar gidan nan ta kai har bayan jihadi, lokacin da Fulani suka ci Kano wajen 1807, sarkinsu na farko, Sulaimanu, ya fara zama a wani gida dabam, sai aka nuna masa talakawa ba za su ɗauke shi cikakken sarki ba muddin bai shiga Gidan Rumfa ba. Sai da ya aika ya nemi izinin Shehu Usmanu, sannan ya tare. Har yanzu gidan shi ne fadar Kano.

Wajen 1492 wani babban malami, Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya sauka a Kano. An ce shi ya sa Rumfa ya sare itaciyar tsafi ta gari, aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta. Ya kuma rubuta masa ɗan littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya gargaɗe shi ya tsare baitulmali, ya guji karɓar toshi, ya riƙa zama kullum inda mai rauni zai iya kawo kuka, mace ko yaro ko matalauci. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya wa talakawansa. A riƙe wannan gargaɗi, domin yanzu za mu shiga gidan da aka kewaye da katanga.

Abubuwa uku cikin goma sha biyun nan sun shafi mata kai tsaye. Littafin ya ce Rumfa ne sarkin farko da ya tara mata dubu, shi ya fara kulle, shi kuma ya fara abin da ake kira kame. Dubu a nan kada a ɗauke ta kamar an bi ɗaki-ɗaki an ƙidaya. Bahaushe yakan ce dubu in yana nufin abu ya wuce misali. Sannan shari'ar Musulunci mata huɗu ta yarda wa namiji, saboda haka sauran ƙwaraƙwarai ne da kuyangi. Kame kuwa shi ne sarki ya naɗa wani bafade ya bi gidajen mutanen da ake kira Indabawa, ya ɗauko masa kowace budurwa 'yar fari. Marubucin ya faɗi wannan a layi ɗaya ya wuce, a tsakanin labarin dawaki da na kakaki, kamar duk abu guda ne. Ni dai a ganina nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Kowace yarinya cikinsu tana da uwar da ta yi goyonta, wataƙila ma da saurayin da ya fara kai toshi. Ba a tambaye su ba, ba a kuma rubuta sunan ko ɗaya ba.

To, me sarki zai yi da wannan taro? Masu cewa sha'awa ce kawai sun taƙaita magana. Wata mai bincike daga Amurka, Heidi Nast, wadda ta yi nazarin Gidan Rumfa ta buga littafinta a 2005, ta nuna cewa matan fada ma'aikata ne na gaske. Hatsin haraji da ake kawowa daga ƙauyuka a hannunsu yake, su suke adana shi, su sarrafa shi, su ciyar da fada da baƙinta. Kowace kuma ta san garinsu da mutanensa, don haka ta bakinsu sarki yake jin abin da ƙasa take ciki. Kulle kuma ya raba su da danginsu, ba su da wani majingini sai sarki. Kulle a farkonsa abin fada ne da masu hali, gama ba mai iya kulle mace sai wanda yake da mai ɗebo ruwa da mai yo itace. Shi ya sa bai taɓa kama ƙauye yadda ya kama birni ba.

Wannan dabara ita ce kuma ta sa ya fara bai wa babanni sarauta, har da riƙon baitulmali. Baba ba ya haihuwa, saboda haka ba shi da ɗan da zai tara wa dukiya ko ya nema wa gado. Da matan kulle a ciki, da babanni a bakin ƙofa, Rumfa ya sami mutanen da ba su da kowa sai shi. Ko talaka mai ƙara ya ci gaba da samun hanyar ganin sarki kamar yadda Almagili ya nema, wannan tambaya ce da ta cancanci a yi muhawara a kanta a aji.

Cikin dukan matan nan, guda ɗaya tarihi ya riƙe sunanta, ita ce Auwa, wadda aka fi sani da Madaki Auwa. Wasu suna cewa 'yar Askiya Muhammadu ce, sarkin Sangai. Tushen maganar shi ne wani matafiyi, Liyo Afirkanus, wanda aka buga littafinsa a Italiya a 1550, ya ce Askiya ya ci Kano ya tilasta wa sarkinta auren 'yarsa. Amma shekarun ba su zauna daidai ba. Askiya ya hau mulki a 1493, ɗan Auwa kuwa shekara shida bayan haka ya riga ya zama babban mutum mai jan rundunar yaƙi. Ga shi kuma ɗan'uwanta, Guli, a fadar Kano yake zaune. Wannan ya fi kama da gidan da yake da saiwa a cikin gari.

Da Rumfa ya rasu a 1499, ɗan Auwa, Abdullahi, ya gaje shi. Ya fita ya yaƙi Katsina, daga can ya juyo ya faɗa wa ƙasarmu ta Zazzau. Yana can bakin daga sai Dagaci, wani babban mai sarauta wanda asalin gidansu Barno ne, ya shirya tawaye a birni. Littafin ya faɗa a sarari cewa Madaki Auwa ce kaɗai ta hana abin ya ɓaci kafin sarki ya dawo. A duba wannan da kyau. Matar da aka kulle don kada ta sami ƙarfin kanta, ita ce ta riƙe gari ranar da maza suka tafi yaƙi. Abdullahi ya yi shekara goma, sai ɗansa Muhammadu Kisoki ya hau a 1509, ya yi fiye da shekara hamsin. A zamaninsa ma maganar kakarsa Auwa da ta mahaifiyarsa Iya Lamis ita ce magana, Guli kuwa ya zama shi ke juya ƙasa.

A wannan shekara ta 1509 ne Henri ya hau gadon Ingila yana ɗan shekara goma sha bakwai. Damuwarsa ta bambanta da ta Rumfa. Dokar ikilisiya mace ɗaya ta ba shi, 'ya'yan da ya haifa a waje kuwa ba su da gado. Matarsa ta fari, Katarina 'yar sarkin Sifen, ta yi haihuwa da dama, amma 'ya mace ɗaya ce ta rayu, Meri. Da Paparoma ya ƙi warware auren, sai Henri ya raba ikilisiyar Ingila da Roma, majalisa ta tabbatar da shi shugabanta a 1534. Ta biyu, An Bolin, ta haifi Elizabet, aka kashe ta a 1536. Ta uku, Jen Simo, ta haifa masa ɗan da yake nema, Edwad, a 1537, ta rasu da jego. Ta huɗu ya rabu da ita cikin 'yan watanni, ta biyar ya sa aka kashe ta a 1542, ta shida ce ta ga bayansa. Ɗan da aka yi duk wannan ɓarna dominsa shekara shida ya yi a kan gado, ya mutu yana da shekara goma sha biyar. Elizabet, wadda uban ya taɓa sa aka cire daga layin gado, ita ta riƙe Ingila shekara 44, daga 1558 zuwa 1603.

Henri rashin magaji ya dame shi. Gidan Rumfa kuwa yawan masu neman gado ne ya zame masa ciwo, domin inda ɗakuna suka yi yawa, kowane ɗaki da ɗansa da kawunnansa da barorinsa. Muddin Kisoki yana da rai, abin ya kwanta. Da ya rasu a 1565, aka naɗa ɗansa Yakufu, amma Guli ya tuɓe shi bayan wata huɗu da kwana ashirin. Galadima ya ce bai yarda ba. Aka yi kwana arba'in ana gwabzawa a cikin birni, har Galadima ya ci nasara ya kashe Guli. Ya nemi ya mayar da Yakufu, Yakufu ya ce ya yafe, ya koma cikin malamai. Aka naɗa ɗansa Dauda Abasama, shi ma bai cika wata biyu ba aka fitar da shi.

Daga nan sai masu zaɓen sarki suka koma ɗakin Auwa, suka ɗauko Abubakar Kado, ɗan Rumfa na cikinsa, ƙanin Abdullahi uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mahaifinsa ya rasu a 1499, Kado ya kai shekara 65 ko fiye a lokacin da aka naɗa shi. Mutum ne mai son karatu da ibada, sha'anin mulki bai dame shi ba, shi ne ma ya sa 'ya'yan sarki suka duƙufa ga karatun Alƙur'ani. A zamaninsa Katsinawa suka kori rundunar Kano har bakin Ƙofar Kansakali, a jikin ganuwar da ubansa ya faɗaɗa. Bayan shekara bakwai shi ma aka tuɓe shi.