DARASI: TAFIYA A BABUR DAGA MARAƊI ZUWA DAKWARO A ƘARSHEN BAZARA

Darasinmu na wannan karo a kan babur yake, wanda mu a Nijar muke ce ma moto. Yau falke yana iya barin Maraɗi da asuba, ya bi ta Tibiri da Kornaka, ya sha shayin hantsi a Dakwaro, tafiyar wajen kilomita 120. Sai dai watan Mayu da farkon Yuni lokaci ne mai wuyar sha'ani: zafi kan wuce digiri 40, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a riƙe.

NA FARKO: JIKINKA

Iskar da ke bugun mai babur tana busar da gumi nan take, shi ya sa mutum ba ya sanin ruwan jikinsa na ƙarewa. Kada ka jira ƙishirwa. Ka ɗaura bido na ruwa, ka riƙa kurɓa kowace tsayawa. Ka sa riga mai dogon hannu da hular kwano, don rawani yana tare ƙura amma ba ya tare dutse. In ciwon kai da jiri suka taso, ka nemi inuwa, ka haɗa ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, ka sha. In abokin tafiyarka ya fara surutai marasa kan gado, jikinsa rau da zafi, ka jiƙa shi da ruwa, ka yi masa fifita, a garzaya asibiti. Daga ƙarfe 12 zuwa la'asar, a ba hanya hutu.

NA BIYU: BABUR

Iska ce ke sanyaya injin baburanmu, saboda haka shi ma yana buƙatar hutu, balle in ya sha rairayi da ƙaramin giya. Ka auna iskar taya da sassafe tun tana da sanyi; in ta yi zafi a hanya kada ka sassauta ta. Ka kakkaɓe matatar iska, ka duba baƙin mai, ka tafi da faci, famfo da filogi guda. Bayan Dakwaro, wajen Sakabal da Barmo, makanike ba ya kusa.

NA UKU: HADARI DA GONA

In ka hango jan bango na ƙura daga gabas, ka tsaya a gari mafi kusa. Kada ka fake ƙarƙashin itace guda a fili, nan aradu ke sauka. Kwarin Gulbin Kaba da ƙananan koramu da ka ratsa a bushe da safe, suna iya zama ruwa mai gudu da yamma. Wanda ya jira awa biyu ya rasa ciniki ɗaya, wanda ya kutsa yana iya rasa babur da jari da rai.

Sannan a kula: filin da ka gani fayau, wataƙila an yi masa binne, wato manomi ya shuka gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Yanke ta gona don rage hanya ɓarna ce. Ka bi burtali ko turba. Dattawa ba su manta da Toda ba, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Mu da ke ci daga ɓangarorin biyu, bai dace mu zama masu tono ba.

NA HUƊU: KARANTA ƘASA

Nan ribar babur take. Mai mota yana wucewa fuuu, mai babur yana gani. Ka dubi rufewar ɗakuna da rumbuna: akwai sauran harawa da karan dawa? Ka dubi gawo, wanda ke riƙe ganye da rani ya zubar da damina: an sassare shi don dabbobi? Ka tambayi kuɗin buhun dusa da tiyar gero a kowane ƙauye. In dusa ta hau, makiyayi zai saki saniya da araha.

Amma araha ba ta ado. A 2010, shekarar da shanu suka yi ta mutuwa a yankin Gadabeji, na sayi ramammu bakwai, ina murna na yi tsintuwa. Ruwan farko ya sauko da sanyi, uku suka kwanta ba su ƙara tashi ba. Alhali tun a hanya na ga mushe jere a bakin burtali, ido ya gani, kwaɗayi ya rufe. Tun daga nan, kafin in taya, sai na sa an tayar da dabba ta yi tafiya a gabana, in kuma lissafa dusar sati uku a cikin kuɗinta.

Wanda zai bi wannan hanya bana, ya sanar da gida inda zai kwana, ya raba kuɗinsa wuri biyu, kuma kada dare ya same shi a daji. Allah ya kai mu lafiya, ya ba da kasuwa.