Idin Ista da Begen Tashin Matattu

Ya kai mai karatu, in kana zaune a birnin Katsina ka san kwanakin bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, rijiyoyi suka ja baya, kowa ya zuba ido gabas yana sauraron hadari. A cikin waɗannan kwanaki ne maƙwabtanka Kirista su ke yin babban idinsu, wanda a ke kira Ista. Watakila ka gan su ran Lahadi da sassafe sun yi ado, sun nufi majami'a, ka kuma ji suna waƙa. Ya kamata ka san dalilin murnarsu. Wanda ya zauna da mutane bai san al'amarinsu ba, sai ya yi ta zato, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

1. Asalin labarin

Kirista suna da littattafan Linjila huɗu, watau na Matta, da Markus, da Luka, da Yohanna. Dukansu sun ce an gicciye Yesu Almasihu a Urushalima ran Jumma'a, zamanin da Bilatus ya ke gwamnan Rumawa a ƙasar Yahudiya. Da maraice wani mutum, Yusufu na Arimatiya, ya sa gawar cikin kabarin da aka sassaƙa a jikin dutse, aka rufe bakinsa da wani babban dutse. Kashegari Asabar ce, ranar hutun Yahudawa. Ran Lahadi da asuba Maryamu Magadaliya ta tafi kabarin, sai ta tarar an kawar da dutsen, ba kowa a ciki. Daga nan, in ji littattafan, ya bayyana ga almajiransa da rai. Ɗaya daga cikinsu, Toma, ya ƙi yarda, sai da ya ga tabon ƙusoshi da idonsa. Manzo Bulus kuma ya rubuta wa mutanen Korinti cewa mutum fiye da 500 sun gan shi a lokaci guda.

To, lura da kyau. Musulmi da Kirista duka sun gaskata akwai tashin ƙiyama da ranar hisabi. Inda suka rabu shi ne nan: Musulmi sun ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuwa gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Kirista sun ce ya mutu, ya tashi a rana ta uku, tashinsa kuwa shi ne jinginar tashin masu bi.

2. Yadda a ke lissafin ranar

Ista ba ta da rana tsayayya. Tun bayan babban taron shugabannin ikilisiya a garin Nikiya a shekarar 325, aka bi ƙa'ida guda. A kan jira wata ya cika a ran 21 ga Maris ko bayanta, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Saboda haka a ƙasarmu ba ta riga 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Gwamnatin Nijeriya tana ba da hutu ran Jumma'ar da ke gabanta da Litinin da ke bayanta.

3. Misalin binne

Kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san binne. Kafin ruwa ya sauka mutum ya kan ɗebi gero daga rumbu, alhali gida ana bukatarsa, ya kai gona ya turbuɗe cikin busasshiyar ƙasa. Wanda bai san noma ba sai ya ce an yi hasara. Amma ran da aka yi ruwan shuka, ƙwaya ta kan tsage, ta tsiro, da kaka ta ba da zangarniya. Da irin wannan misali Bulus ya koyar da Kirista: jikin da aka sa a kabari kamar iri ne, wanda za a tayar kuwa ba ya ciwo, ba ya ruɓa. Shi ya sa za ka ga suna kuka a wurin jana'iza, suna kuma waƙa. Kukan na rabuwa ne, waƙar ta begen saduwa ce.

Albarkar da su ke gani cikin wannan bangaskiya uku ce. Ta fari, tsoron mutuwa ya kan yi sauƙi. Ta biyu, suna sa zuciya ga gafarar zunubi. Ta uku, mutum ya kan sami ƙarfin haƙuri da wahala, da na yi wa marasa ƙarfi hidima.

4. A Katsina

A shekarar 1710 waɗansu limaman Kirista biyu, Karlo da Seberino, suka taso daga Tarabulus, suka ratsa Sahara ta Fezzan da Agadas. Suka iso Katsina a 1711, ciwo ya kama su, suka mutu nan, ba su kafa kome ba. Aka yi shekara fiye da 200 kafin aikin ya kafu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan aikin Likita Mila na Zariya da abokansa. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, 'yan mishan na S.I.M. suka kama jinyar kutare a Babbar Ruga, kusa da birni. A lokacin nan ba a sami maganin kuturta mai warkarwa irin na yanzu ba. Ka duba yadda zancen sabon jiki zai shiga zuciyar mutumin da cuta ta cinye masa yatsu. A 1990 ikilisiyar Angilika ta naɗa bishop a Katsina. A 2023 kuma Paparoma Faransis ya ba Katolika na Katsina nasu bishop, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi.

5. Abin da za ka riƙe

In Ista ta zo, ka san maƙwabcinka yana murna ne domin ya gaskata kabari ba shi ne ƙarshen mutum ba. In an yi masa rasuwa, ka je ka yi masa ta'aziyya, yadda shi ma ya kan zo maka. Sanin addinin wani ba ya rage naka. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. Wace rana ce aka tarar da kabarin ba kowa?
2. A ina Musulmi da Kirista suka haɗu, a ina suka rabu?
3. Me ya sa aka kwatanta jana'iza da binne?