Darasin Wannan Mako: Wanke Mota Ba Tare da An Ɓata Fenti Ba



Da yawanmu mu ne ake sa wa wankin motar Baba ko babur ɗin Yaya ranar Asabar. Abin da muka saba shi ne mu ɗauki busasshen tsumma mu hau gogewa. To, babban kuskuren ke nan.

Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da jar ƙasar da mota ke kwasowa idan ta bar titin Funtuwa zuwa Gusau ta shiga hanyoyin ƙauyukan Faskari, duk ɗauke suke da ƙwayoyin yashi. Yashi ya fi fenti tauri. Shafen saman da ke sa mota ƙyalli kuwa, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Wanda ya goge ƙura a bushe, tamkar samfefa ya goga wa motar.

Ga yadda ya kamata:

1. A kai motar inuwa, a jira jikinta ya huce. Ruwan rijiya da na burtsatse kan bar farin tabo idan suka bushe a rana.
2. A fara kwara ruwa zalla, ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa.
3. A tanadi bokiti 2: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Kada soso ya koma cikin kumfa sai an ɗauraye shi.
4. A yi amfani da sabulun mota. Garin sabulun wanki yana cinye man ƙyalli.
5. A fara daga rufi a gangaro ƙasa. Tayoyi su ne ƙarshe, kuma da sosonsu daban.
6. A ɗauraye, a tsane da tawul mai laushi.

Akwai tabon da wanki kaɗai ba ya fitarwa. Kashin tsuntsu na ɗauke da sinadari mai cin fenti, musamman idan rana ta gasa shi. A ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle na minti 5, sannan a ɗauke a hankali. Haka ake yi wa ƙaron bishiya, amma da ruwan ɗumi. Ɗigon kwalta kuwa, ɗan kananzir a auduga yana narkar da shi, amma a wanke wurin da sabulu nan take. Kada a kankare da reza ko farce.

Da damina, kada a manta da lakar da ke maƙalewa a saman tayoyi. Tana riƙe laima, daga nan tsatsa ke farawa.

Kuɗin sake fenti kan ci abin da zai biya buƙatun gida masu yawa. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayar mako: me ya sa ba a wanke mota a rana? A kai amsa wurin 'yan ƙungiyar 'yan jarida kafin Alhamis.