Goggo, Na Sayi Tikiti Ban Gaya wa Hajiya Ba

Ni ɗan Kano ne, karatu ya kawo ni Ingila, aiki kuma ya zaunar da ni a Manchesta. Shekara shida ke nan da na yi hatsarin mota, ya taɓa min laka. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai, a keken guragu nake harkokina. Alhamdu lillahi ina zuwa aiki, ina tuƙa motata, ina dafa abincina. Amma Goggo, hunturun ƙasar nan yana ci na. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ƙafafuna su yi ta ƙagewa, raina ya yi ta ɓaci ba dalili. Na daɗe ina son zuwa inda ake rana, ko da na mako guda ne. Da na ta da maganar sai Yayana da ke Landan ya ce in bari ya samu hutu ya raka ni. Hunturu uku ke nan ina jira. Hajiya kuwa da ta ji zancen, kuka ta saka min a waya, wai so nake in kashe ta. Makon jiya na yi ta maza na sayi tikitin Tenerife na watan Janairu, na kama otal mafi araha da na ga an saka masa hoton keke. Ban gaya wa kowa ba. Yanzu kuma barci ya gagare ni. Ina tsoron a karya min keke, ina tsoron banɗakin jirgi, har zaman cin abinci ni kaɗai ana kallona ina tsoro. In fasa ne? In kuma zan tafi, in tafi a ɓoye?

Ɗanki, daga Manchesta.

Ɗana, Allah ya ƙara lafiya, ya sa abin da ya same ka kaffara ne.

Kada ka fasa. Ka tafi.

Amma zo nan in ja kunnenka tukuna, don laifinka biyu. Na farko, ɓoye wa Hajiya. Kai da ka iya tuƙa mota a titin Turawa, amma ka kasa ɗaga waya ka gaya wa mahaifiyarka gaskiya? Ka tuna abin da matar nan ta gani. Wata rana waya ta yi ƙara, aka ce mata ɗanta yana asibiti a ƙasar da ba ta iya kaiwa da ƙafa. Tun daga ranar, duk ƙarar waya gabanta faɗuwa yake. Kukan da ta yi maka tsohon kuka ne, na waccan rana. Idan ka tafi a ɓoye ta ji daga bakin wani, ka tabbatar mata da abin da take tsoro: cewa al'amarinka yana faruwa tana nesa, ba ta da labari. Kuma kai ma ba za ka ji daɗin ranar ba. Wanda ya saci hanya, ko ƙarar saƙo ya ji sai ya zabura.

Uwa ba a kayar da ita da gardama, da shiri ake kwantar mata da hankali. Ka gama shirinka tsaf, sannan ka kira ta. Ka ce, Hajiya ga sunan masaukina, ga lambarsu, ga wanda zai ɗauke ni a filin jirgi, ga asibitin da ke kusa, kullum bayan magariba zan kira ki ki gan ni. Ka roƙi albarkarta. Za ta iya sake yin kuka. Ka bar ta ta yi, sannan ka sake roƙa.

Yayanka kuwa, ban ce ba ya ƙaunarka ba. Amma mai iyali a Landan hutunsa ba nasa ba ne. Ka sauke masa wannan nauyi cikin ladabi, ka ba shi wani aikin: ya kai ka filin jirgi in zai iya, ya riƙe kwafin takardunka. Zai ji yana da hannu a ciki.

Wurin da ka zaɓa kuwa, ka yi dabara. Tenerife na cikin tsibiran Kanari, mallakin Sifaniya, amma a gefen Afirka yake, daura da Maroko. A kudancinsa, ko a Janairu zafin rana kan kai maki 21 ko 22. Garin Los Cristianos da ke can kudu ma, masu lalura irin taka suna cikin waɗanda suka ɗaga shi. A ƙarshen shekarun 1950 wasu 'yan Suwidin masu ciwon gaɓɓai da na jijiya suka sauka can neman ɗumi, lokacin yana ƙauyen masunta, har yau akwai babban titi mai sunan ƙasarsu a garin. Bakin tekun Las Vistas yana da hanyoyin katako a kan rairayi, da rumfa, da banɗaki mai faɗi, da wata kujera mai manyan tayoyi da ma'aikata ke tura mutum da ita har cikin ruwa. Daga nan shimfiɗaɗɗen titin masu tafiya a ƙasa ya bi gaɓar teku har garin Las Américas. Don haka kallon da kake tsoro, cire shi daga ranka. Garin ya saba da keke tun kafin a haife ka.

Laifinka na biyu shi ne otal. Araha ba ta ado, ɗana. Hoton keke a shafin otal ba ya nufin komai. Wani abin da yake nufi kawai akwai lif, alhali kafin ka kai ga lif ɗin sai ka hau matakala uku. Wani kuma ɗakin yana da faɗi, amma banɗakin baho ne. Yau ɗin nan ka rubuta musu imel. Ka ce su aiko maka hoton banɗakin ainihin ɗakin da za su ba ka. Ka tambayi faɗin ƙofa da santimita, ka auna kekenka ka gwada; ƙofar da ta kai 80 ta fi kwanciyar hankali. Wurin wankan a shafe yake da ƙasa, ko yana da dakali? Akwai kujerar wanka da ƙarafan riƙewa? Nawa ne tsayin gado? Wannan na ƙarshe mutane ke mantawa. Gadon da ya fi kekenka tsawo sosai, kai kaɗai da dare, ka san abin da nake nufi. Sannan ka tambayi hanya daga otal zuwa teku, domin garin daga gaɓa sama yake hawa, kuma abin da taswira ta nuna minti biyar zai iya zama tudun da zai cinye maka kafaɗu. Su rubuta maka a fili cewa ɗakin an ware maka shi. In suka yi ta kwana-kwana, karɓi kuɗinka. A garin akwai shagunan da ke ba da hayar kujerar wanka da keken lantarki.

Yanzu jirgi, inda hankalinka ya fi tashi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1107 ta 2006, wadda Ingila ma ta riƙe irinta, ta wajabta a taimake ka kyauta daga ƙofar filin jirgi har kujerarka, kuma a ɗauki kayan tafiyarka guda biyu, kamar keke da kujerar wanka, ba tare da ka biya ko sisi ba, ban da kayan jinya. Sharaɗin shi ne ka sanar aƙalla awa 48 kafin tashi. Ni dai na ce ka sanar yanzu, ka sake kira ana saura kwana uku. Ka ce su rubuta maka WCHC, alamar wanda ba ya iya takawa ko kaɗan, sai an kai shi har kujera. Kada ka rage lalurarka don kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za su iya tambayarka ko kana iya ɗaura bel, da sa abin shaƙar iska, da fahimtar umarnin ma'aikata, domin da irin wannan suke yanke ko mutum zai tafi ba ɗan rakiya. Ka amsa da gaskiya tun kana gida.

Keken nan ƙafarka ne, don haka ka zauna a kansa har bakin ƙofar jirgi. Kafin ka miƙa shi, ɗauke shi hoto ta ko'ina. Cire kushin da duk abin da ke cirewa ka shiga da su. Manna masa takarda mai sunanka da yadda ake naɗe shi. Kushin ɗin ka zauna a kai, ka riƙa ɗaga jikinka lokaci-lokaci. Tafiyar kusan awa huɗu da rabi ce, kuma gyambon zama ba ya sallama kafin ya shigo. Ana saura rabin awa a sauka, tuna wa ma'aikaciya cewa a ƙofa kake son kekenka. Kai ne na ƙarshen fita, ka yi haƙuri da wannan. In ka ga ko tsaga a jikinsa, kada ka bar filin jirgin sai an rubuta maka rahoto, sannan ka aika ƙorafi a rubuce cikin kwana bakwai. Diyyar da Yarjejeniyar Montreal ta ɗora wa kamfanonin jirgi kan kaya ba ta kai fam 2,000 ba, kuma ka fi ni sanin kuɗin keken da aka auna maka. Shi ya sa inshorarka dole ta ambaci keken da kuɗinsa, ta kuma san da lalurarka. Masu keken lantarki, ku faɗi irin batirinku tun wuri; wanda ake cirewa a shiga da shi ciki, iyakarsa 300 Wh.

Maganar banɗaki ba zan yi maka daɗin baki ba. Jiragen da ke wannan hanya ƙanana ne, banɗakinsu matsattse, kuma ma'aikata ba sa ɗaga mutum a ciki. Na san abin da 'yan uwanka ke yi: su ƙi shan ruwa tun daren jiya. Kada ka kuskura. Ciwon mafitsara za ka saya, ka ƙare hutunka a gado da zazzaɓi. Je ka ga nas ɗinka ku tsara yadda za ka yi da robar fitsari ko jaka na wannan rana. Magunguna da robobi su kasance a jakar hannu, da rarar na kwanaki, tare da wasiƙar likita. Ka nemi katin GHIC, kyauta ne, yana ba ka damar ganin likita a asibitin gwamnati a Sifaniya, sai dai ba ya biyan kuɗin dawo da mutum gida. In fasfonka na Najeriya ne, zamanka a Ingila bai ɗauke maka bizar Shengen ba, ka nema yanzu. Motar da za ta ɗauke ka daga filin jirgin kudancin tsibirin ma ka kama ta tun daga gida, mai gangaren hawa keke. Lambar gaggawa a can 112 ce.

Ranar da kake kwaɗayi ita ma sai ka yi hattara da ita. Kada ka ce kai ɗan Kano ne, rana ba ta yi maka komai. Da can ƙafarka tana gaya maka in ta ji zafi, yanzu ta yi shiru. Ƙarfen keken da ya sha rana, da katakon bakin teku, da ruwan zafin wanka, duk suna iya ƙona ka ba ka sani ba sai ka ga bororo. Taɓa komai da hannu tukuna. Rufe ƙafa da farin zane, sa takalmi, kowane dare ka duba fatarka da madubi. Wani lokaci kuma iska kan kwaso ƙurar Sahara ta rufe tsibirin, suna ce mata kalima. Hazon gida ne ya biyo ka. A Fabrairun 2020 har filayen jirgi ta sa aka rufe. In ta taso, zauna a ɗaki ka sha shayi.

Cin abinci kai kaɗai kuwa, daren farko zai yi maka nauyi. Kowa ya taɓa baƙunta ya san wannan. Za ka ga ma'aurata da 'ya'yansu, zuciya ta ce me ya kawo ka. Kada ka yanke hukunci da dare. Da safe ka gangara bakin ruwa, ka ci gasasshen kifi da ɗan dankalinsu da ake dafawa da gishiri, ka yi sallarka ta ƙasaru. In ka gaji a tudu wani ya ce zai tura ka, ka ce masa bismilla, ka nuna masa inda zai riƙe. Tafiya kai kaɗai ba ta hana a taimake ka. Bambancin kawai, wannan karon kai ke cewa yaushe, kai ke cewa ta yaya. Idonka dai ka kame shi, ka san shigar mutanen bakin teku. In kuma Allah ya haɗa ka da 'yar mutunci, Goggo ba ta hana sallama ba.

Ku kuma masu karatu, kusan kowane gida akwai irin wannan ɗa ko 'ya. Shan-inna ya bar mana su, hatsarin hanya yana ƙara mana. Muna son su, amma dubi yadda son yake fita: zauna kada ka wahala, bari a kawo maka, ina za ka a haka? Ana biki a bar su gadin gida, ana tafiya a ce mota ba wuri. Shekara ta bi shekara, mutum ya daina tambaya, mu kuma mu ce ai shi ba ya son fita. Najeriya ta yi dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, aka sa mata hannu a Janairun 2019, har da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a. Amma dakalin ƙofar gidanku ba gwamnati ce za ta zo ta fasa shi ba. Buhun siminti ɗaya da magini sun isa. Mata masu keke da ke da irin wannan buri, maganar muharrami ku kai ta ga malamin da kuka amince da iliminsa, sauran shirin duk iri ɗaya ne.

Ɗana, imel ɗin otal yau, wayar Hajiya kafin Juma'a. In ka dawo ka rubuto min yadda ka samu banɗakin da tsayin gadon, don akwai masu jiran su ji kafin su sayi nasu tikitin. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Goggonku.