Nasiha Ga Mai Shirin Sayen Ƙaramar Tarakta

Ɗana, na ji kana tara kuɗi don sayen tarakta saboda gonar da ka gada a ƙasar Maradun. Allah ya sa albarka. Amma kafin ka nufi dillalan Gusau ko Kano, fara zagaya gonar da ƙafarka.

Gonarka ba irin filayen Bakolori ba ce, waɗanda aka share aka daidaita saboda madatsar ruwan da aka kammala a 1978. Taka tana da gawo da ɗorawa da kaɗanya, ga kututtura a gefen da aka sassabe. Massey Ferguson 375, mai ƙarfin doki 75, gwana ce a buɗaɗɗen fili, amma a tsakanin itatuwa juyi kawai zai ci maka lokaci da gas. Wadda ba ta wuce ƙarfin doki 35 zuwa 50 ba ta ishe ka. Daidai ruwa, daidai tsaki. Auna tazarar itatuwanka, ka nemi tarakta da garma masu wucewa ta tsakaninsu.

Kada ka yarda direba ya sa ka sare gawo don ya samu hanya. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya rufe wa gero rana, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Ɗorawa da kaɗanya kuwa, daddawa da man kaɗe na cefanen iyayenka mata ne. Kakanka ya san abin da ya sa ya bar su.

In ka je saye, zaɓi mai ja da tayoyi huɗu. Duba tsayin cikinta daga ƙasa, don kututture na fasa tukunyar baƙin mai. A sa raga a gaban lagireto saboda rassa. Kada ka karɓi wadda ba ta da ƙarfen kariya a saman kujera, domin in taya ɗaya ta hau kututture tana iya kifewa. Kuma in za a ja gungume, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura sama, gabanta zai ɗaga ta kife ta baya.

Sai maganar gyara. Na'urorin yayyafin ruwa da aka kafa a Bakolori sun ci kuɗi masu yawa, da suka lalace sai suka zauna. Saboda haka tafi da bakanike daga Talata Mafara, wanda ya san injin, ya kuma san inda ake samun kayan gyaransa. Wadda shi bai iya gyarawa ba, bar ta ko da an yi maka ragi.

In ka gama naka noman, fadamun shinkafa na Bakura suna neman haro, tirela kuma ta riƙa ɗauko taki da amfanin gona. Da haka taraktar za ta mayar da kuɗinta. Allah ya ba da damina mai albarka, ya maido mana da zaman lafiya a dazukanmu.