Kifin da ke haihuwa

Ya kai mai karatu, in aka tambaye ka yadda kifi ke samun ɗiya, za ka ce ƙwai yake yi. Gaskiyarka. Tarwaɗa da karfasa, irin waɗanda masunta ke kamawa a tabkin Madarunfa, duk ƙwai suke zubawa. Amma fa ba kowane kifi ba ne haka.

Can cikin teku, a ƙasashe masu zafi, akwai wani ɗan kifi da masana ke kira burotula. Yawanci bai wuce tsawon yatsanka ba. Yana zaune inda ruwa ba zurfi, yana ɓoye cikin kogunan duwatsun murjani. Macen ba ta zubar da ƙwai. Cikinta suke ƙyanƙyashewa, sannan ta haifi ɗiyanta da rai, kamar akuya.

Mine ne amfanin haka? Ƙwan da aka zuba cikin ruwa ba shi gudu, kowa ya samu ya cinye. Wanda ke cikin uwa kuwa yana da mai tsaro.

To, mu nan Sabon Maci da ba mu da teku, ina ruwanmu? Saurara. Akwai wani mai haihuwar, na ruwan daɗi, sunansa gupi. Asalinsa Amurka ta Kudu da tsibirin Tirinida. Macen na ɗaukar ciki kamar wata ɗaya, ɗiyan kuma da faɗowa sai iyo. Gupi na cin tsutsar sauro. Shi ya sa aka kai shi ƙasashe da yawa don yaƙi da masassarar cizon sauro.

Sai dai kada ka jira kifi ya yi maka aiki. Tabkunanmu na damina ƙafewa suke yi da rani, kifin ya mutu. Inda ruwa ke daɗewa kuma, baƙon kifi yakan takura wa na gida. Sauro kuwa ko ruwan sawun saniya ya ishe shi yin ƙwai. Saboda haka cike ramun da ke kusa da gida, rufe randa, kwantar da yara cikin sange. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Ina burotula yake zaune?
2. Mi ya bambanta shi da tarwaɗa?
3. Ina ruwa ke kwantawa a unguwarku?