Yadda ake gane ƙarancin folik asid a jiki

Folik asid, wato bitamin B9, sinadari ne da ɓargo ke buƙata wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Jiki ba ya tara shi da yawa. Idan abinci ya gaza, ajiyar da ke hanta takan ƙare cikin kamar wata 4.

Da farko a duba ko mutum yana cikin waɗanda abin ya fi kamawa: mai juna biyu, mai shayarwa, mai sikila, mashayin giya, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya. Sannan a tambayi abin da ke shiga tukunyarsa. Alayyahu, zogale, wake, gyaɗa da hanta duk suna da sinadarin, sai dai miyar da aka bari tana ta tafasa har ganyen ya yi baƙi ta riga ta rasa kaso mai yawa.

Daga nan sai alamomi: kasalar da barci ba ya kore ta, haki bayan ɗan aiki, jiri, bugun zuciya da rashin cin abinci. A ja fatar ido ta ƙasa. Idan cikinta ya yi fari fat maimakon ja, jini ya yi ƙasa. A leƙa baki kuma. Harshe yakan yi ja, ya yi sumul, yaji kaɗan ya sa shi raɗaɗi.

Waɗannan ba su isa hujja ba, domin zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin sinadarin ayan ma suna rage jini. Cikakken gwajin jini a asibiti ne ke raba gardama: a ƙarancin folik asid ƙwayoyin kan yi manya fiye da kima, a na ayan kuwa ƙanana. Ya kamata a auna bitamin B12 tare, musamman idan hannu ko ƙafa na mutuwa, don folik asid na iya gyara jinin alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

Illar da ta fi muni kuwa ba ta ba uwa wata alama. Tushen lakar ɗan tayi da ƙwaƙwalwarsa yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun kafin mata da yawa su san sun ɗauki ciki, balle su fara zuwa awo. Idan sinadarin ya gaza a lokacin, ana iya haihuwar jariri da ƙulli ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya. Shi ya sa ake so mace ta fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin shigar ciki. Mai sikila da wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri, likita yakan rubuta musu miligiram 5.